Kafin Ki Ce Ta Mutu

Gada Biyu, Jos

Ummi, 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ya tsare ki a tafiya da zama, ya haɗa ki da abokan aiki na kirki. Mamanki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki kada ki riƙa tsallake abincin rana saboda aiki. To, na gaya miki, na fita.

A tasha ba zan iya yi miki doguwar magana ba, kin san ni, shi ya sa na rubuta na cusa miki a jakar kayan aiki. Ba labarin gida ba ne. Aikin da makarantar nan ta ɗauke ki, na kula da kwamfutocinta, kin iya shi. Hannunki ya fi nawa sanyi a kan ƙananan wayoyi, idonki kuma bai fara gajiya ba. Bakinki nake tsoro, domin irin nawa ne, yana riga hannu yanke hukunci. Rannan ina jin ki, wata malama ta kawo laftof, ko zuge jakar ba ta gama yi ba kika ce, "Wannan ai bod ne." Aka buɗe, bod ɗin ne kuwa, babban allon nan na cikin inji. Kika juyo kina yi mini murmushi. Ni kuwa dacen da kika yi shi ya tayar mini da hankali, don ni ma haka na yi ta dacewa har ranar da ban dace ba.

Labarin kwamfutar Baba Gyang kin sha jin sa a gutsure. Yau ki ji shi gaba ɗaya, da inda na kauce a kowane mataki.

Kin dai san Baba Gyang, tsohon malamin firamaren nan da ba ya rabuwa da lema ko da rana ake ƙwallawa. Yayansa da kakanki Malam Sale tare suka yi haƙar kuza a Naraguta, shi ya sa gidanmu da nasu suka zama ɗaya tun kafin a haife ni. Da ya yi ritaya sai ya sayi 'yar rikoda, ya dinga bin tsofaffin ma'aikatan kuza gida-gida, Birom da Hausawa da duk wanda ya samu, yana ɗaukar hirarsu da waƙoƙin da suke yi a rami. In ya dawo sai ya juye a laftof ɗinsa, ya goge rikodar, ya sake fita. Kakanki ma ya zauna da shi, dab da ciwon da ya tafi da shi, lokacin kina goye. Hoton kakanki muna da shi, na katin aiki. Muryarsa kuwa, a duk faɗin duniyar nan, babu inda ta rage sai cikin wannan laftof.

Duk sanda Baba Gyang ya biyo ta shago sai ya ce, "Haruna, ka zo gida ka ji babanka mana." Ni kuma in ce, "Zan shigo, Baba, in sha Allah." Ban shiga ba. Ina cewa aiki ne ya yi yawa, ina cewa tun da rikici ya raba gari, zuwa unguwarsu sai mutum ya shirya. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ainihin abin shi ne ban shirya jin muryar ba. Kakanki mutum ne mai tsare gida, ni ne kuma ɗansa na fari, hirarmu ba ta wuce "ka yi" da "ka bari". Na ɗauka in na je faɗan rami da farashin kuza kawai zan ji, in dawo da ciwon zuciya. Abin da ya fi ba ni haushi har yau, filas na ajiyar bayanai nake sayarwa. Suna nan jere cikin gilas a gabana kullum. Ko sau ɗaya ban zaro guda na ce, "Baba, ungo, juye mini" ba.

Saboda haka, Ummi, duk abin da kika ji an ce kwafinsa ɗaya ne tak, kada ki kwana ba ki yi masa na biyu ba. Na makaranta ne, na wani malami ne, naki ne, duk ɗaya. Kada ki jira sai an roƙe ki. Masu abin ba su san yana iya ɓacewa ba, ke ce kika sani.

Ranar da ya kawo ta, tsakiyar damina ce, irin lokacin nan da tsawa take faɗuwa a Jos kamar da gayya. Shago cike da ɗaliban jami'a daga Naraguta, kowa da aikinsa na kammala karatu, kowa na cewa nasa ne na gaggawa. "Oga Haruna, duba nawa." "Injiniya, don Allah." Kaina ya kumbura, ina ta ba da amsa kafin a gama tambaya. Sai ga tsohon nan ya shigo da abu naɗe cikin zanen matarsa. Ya tsaya gaisuwa, ya tambayi mamanki, ya tambayi lafiyarki, ya tambayi ruwa. Ina amsawa ina kallon layi.

Ya ce, "Kwamfuta na ya ƙi tashi. Jiya ina cikin aiki, kawai ya ɗauke."

Na ce, "Kawo mu gani."

Iyakar tambayar da na yi masa kan matsalar ke nan, in ma tambaya ce. Ban ce ana ruwa ne lokacin ba. Ban ce a jone take da wuta ko a kan batir take ba. Ban ce batirin yana riƙe caji ba. Daga baya na ji cewa batirin ya daɗe da gajiya, kullum a jone yake amfani da ita, kuma a daidai lokacin da ta ɗauke an yi wata tsawa da har ƙwan fitilar falonsu ya ƙone. Ke da kanki kin ga inda maganar ta nufa. Kwamfutar da ba ta da batirin kirki, in cajarta ta ƙone, ai nan take za ta ɗauke, ko da lafiyarta ƙalau. Da na tsaya na saurari tsohon nan, da shi da kansa ya gaya mini cutar.

Ki riƙa tambaya kafin ki taɓa. Me ake yi da ita sanda ta mutu, an ɗauke wuta ne ko an kawo, ta faɗi, an zuba mata shayi, wani ya riga ki buɗe ta? Ki yi tambayar da sakin fuska, don mutanenmu in suka ga alamar za a ɗora musu laifi sai su ce "haka kawai ta yi". Tsoho kuma ki bar shi ya faro daga inda yake so. Cikin zagaye-zagayen nasa amsar take.

Na ce masa ina cajar. Ya ce ya manta ta a gida. Sai na jawo tawa ta shago, mai kawuna da yawan nan, wadda na yi shekaru ina gwada kwamfutocin mutane da ita. Na zaɓi kan da ya dace, na jona. Fitilar caji ba ta kama ba. Na danna makunni, shiru. Na cire batir, na danne makunnin na ɗan lokaci don ragowar wutar ciki ta fita, na sake jonawa. Shiru. Sai na ɗaga ta na kai hancina wajen fanka na shaƙa, ɗalibai suna kallo. Ƙura na ji da tsufan roba, amma da yake na riga na yanke a raina, sai hancina ya ce mini ƙauri ne.

Mitar auna wuta tana rataye a ƙusa, miƙa hannu kawai zan yi. Ban miƙa ba. Na yarda da cajata kamar yadda mutum yake yarda da ƙofar ɗakinsa a duhu.

Ga yadda ya kamata in bi, kin sani, amma sai na maimaita. Ki fara daga bango. Soket ɗin yana da wuta? Sa fitila ko cajar waya ki gani. Sannan caja: ɗora mata mita ki ga abin da take fitarwa, ki lanƙwasa wayar a hankali kusa da kai da kusa da gindi, don a nan take karyewa ta ciki, fatar waje kuwa sumul. Kuma kayan gwajinki ma ki gwada su, kada ki ce ai nawa ne. Bayan nan bakin da cajar take shiga, ko ya saki, ko ƙura ta toshe shi. Sai batir, ki cire shi ki gwada da caja kaɗai. In wani abu ya motsa, fanka ta juya ko wata 'yar fitila ta ƙifta, to ba mutuwa ta yi ba, gani ne ba ta yi. Haɗa ta da wani sikirin, ki cire ram, ɗan katin ƙwaƙwalwar nan, ki goge ki mayar. Sai duk wannan ya ƙare kike da hurumin ɗaukar sukudireba ki leƙa bod, can ma daga fis za ki fara. Hanyar tana da gundura, na sani. Ba ta kuma sa ɗalibai su ce "kai, oga ya iya".

Na ajiye laftof ɗin a kan kanta na ce, "Baba, bod ɗin ya ƙone."

Ya dube ni ya ce, "To, ya mutu ke nan?"

Na ce, "Ta mutu, Baba. Sai haƙuri."

Nan ne babban kuskuren, ya fi na cajar nesa ba kusa ba. A bakinmu masu gyara, "ta mutu" tana nufin gyaranta ya fi ƙarfin wahalarsa. Mun san had-dis, inda ake ajiye komai, abu ne dabam. A cire 'yan sukurori, a zaro shi, a sa a wani gida a jona da wata kwamfutar, komai yana nan. Ko da bod ɗin ya zama gawayi, hirarrakin nan ba abin da ya same su. Amma Baba Gyang ba mai gyara ba ne. Shi abin da ya ji shi ne abin da kowa yake ji in an ce "ta mutu, sai haƙuri". Kalmar gidan makoki na ba shi, shi kuma ya karɓe ta yadda ake karɓarta. Wa ya taɓa jin an yi wa mutum ta'aziyya ya tsaya tambayar ko da sauran dabara?

Ya ce, "To. Allah ya ba mu haƙuri." Ya naɗe ta cikin zanen a hankali, ya ɗauki lemarsa, ya yi mini godiya. Godiya fa, Ummi. Ni kuwa kafin ya kai ƙofa na riga na ce, "Na gaba." Na san muryar mahaifina tana cikin abin da ya naɗe, ba zan ce ban sani ba. Na dai ɗauka yana da ita a rikodar ko a wani wuri, kuma ban tambaya ba.

Kada ki taɓa ce wa mai kwamfuta "ta mutu" ki yi shiru. In ma dole ki faɗa, ki haɗa da tambaya: me ke cikinta, akwai shi a wani wuri? Ki gaya masa da baki, da Hausar da zai gane, cewa injin dabam, ajiyar dabam. In ba ki tabbata ba ki ce, "Ban gano ba tukuna, bar mini ita." Wannan maganar ba ta rage wa kowa daraja. Ni na yi shekaru ina jin nauyinta a baki kamar za ta yanke mini harshe.

Ba a daɗe ba wata ɗaliba ta kawo tata, wai tana yawan zafi. Na jona da cajar shago, fitila ba ta kama ba. Har na buɗe baki zan yi irin maganar tawa, sai ta ce, "Oga, yanzun nan fa na kashe shi." Ta zaro cajarta daga jaka, muka jona, ta tashi garau. Na sauko da mita na ɗora wa tawa. Babu komai. Na lanƙwasa wayar, wuta ta zo, na saki, ta ɗauke. Ta karye ta ciki, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Wallahi fuskar Baba Gyang ce ta fara zo mini.

Lambarsa tana cikin wayata. Abin da ya rage in kira in ce, "Baba, kada ka taɓa kwamfutar nan, dawo da ita." Sai na ce a'a, wannan ba maganar waya ba ce, babba ne, gara in je da ƙafata. Na ce ran Lahadi in sun taso daga coci. Lahadi ta zo aka wuni ana ruwa. Ta gaba aka yi suna a gidan kawunki. Ladabi na kira abin, amma kunya ce kawai, ba na son tsohon da ya san ni tun ina yawo ba wando ya ji cewa Injiniya bai gwada cajarsa ba.

In kika gano kin yi kuskure, ki kira a lokacin, kina tsaye a inda kika gano. Ban-haƙuri na ƙafa da ƙafa ya biyo baya. Kunyar za ki ji ta ko yau ko gobe, ba ta raguwa don an jinkirta, abin mutane ne yake lalacewa kafin ki gama shiri.

Da na je, matarsa Mama Ladi ce ta yi mini iso. Na zauna, aka gaisa, na ce, "Baba, ina kwamfutar nan? Ina so in sake dubawa. Kuskure na yi."

Ya ce, "Wane kuskure?"

Na yi masa bayanin cajar, na yi masa bayanin had-dis. Yana ji yana kallon matarsa. Ita ce ta amsa, murya ƙasa-ƙasa: "Mun ba masu jari-bola. Kullum in ya gan shi a kan tebur sai ya kasa cin abinci, shi ne na ce a fitar."

Baba Gyang ya jawo lemarsa. Ya tashi ya sa takalmi. Muka hau keke mai ƙafa uku muka nufi Laranto, wajen 'yan gwangwan, inda masu tura kura suke sauke kaya. Muka bi rumfa-rumfa, muna kwatanta ta, baƙa ce, an liƙe gefenta da salatif. Tsohon nan da kansa yake ɗaga murafen kwamfutoci cikin tsibin ƙarafa, hannunsa duk tsatsa. Daga ƙarshe wani dattijo a cikinsu ya ce, "Oga, irin waɗannan ba sa kwana biyu a nan. Fasawa muke, roba gefe, bod gefe, ƙarfe gefe, mota ta kwashe. Da dai kun zo da wuri."

Har yau ban san ko lafiyarta ƙalau ba, ko tsawar ta taɓa bod ɗin da gaske. Ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani, ko wanne ne, muryoyin suna nan a ranar da ya kawo mini ita. Ba ta kakanki kaɗai ba, ta tsofaffi da yawa, kuma mafi yawansu sun riga sun kwanta dama.

Ruwa ya tare mu a hanyar dawowa, muka fake a rumfar wani mai shayi. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce ya yafe, shi ma da laifinsa da bai ajiye a wuri biyu ba. Wannan ya fi mini zafi a kan ya zage ni. Ruwa ya ci gaba da zuba. Can na yi ƙarfin hali na ce, "Me ya faɗa a ciki?"

Ya ce, "Maganar rami, maganar Turawa, yadda aka yi ambaliya a wani rami. Sai daga baya ya koma maganarka. Ya daɗe a kai."

Na ce, "Tawa? Me ya ce?"

Ya ce, "Na tsufa, Haruna, ba zan iya kawo maka shi daidai ba. Shi ya sa nake ta cewa ka zo ka ji da kunnenka. Na dai tuna ya yi dariya, ya ce yaron nan yana buɗe injin da ko Bature sai ya duba littafi. Kuma ya kira sunanka."

Na ce, "Sunana?"

Ya ce, "Haruna. Haka ya faɗa, har sau nawa. Ni ma na yi mamaki."

Ummi, ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo har muka kai shi makwancinsa, ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron", in yana magana da mutane kuma "na wajen nawa". Haka aka yi a zamaninsu, ban taɓa riƙe shi da abin ba. Ashe ya faɗa, da dariya ma, a gaban 'yar rikodar abokinsa. An ajiye mini, an yi ta kirana in zo in ji. Aka ɗauko har kan kantata aka ajiye a gabana, na shaƙa da hanci na ce ta mutu.

Ina baƙin cikin wannan abu har gobe, kuma ba na jin zai wuce. Wani lokaci ina cikin aiki sai in gwada jin yadda zai faɗi sunan, ko zai ja ƙarshensa, ko zai datse shi gajere yadda yake yi wa sauran maganarsa. Ba ya zuwa.

Shi ya sa ni ba zan bar miki nawa a cikin wani inji ba. Ina alfahari da ke, 'yata. Ranar da kika fara gano fis da kanki na shiga bayan shago ne don kada ki ga fuskata.

Allah ya yi miki albarka, ya sa hannunki ya zama sanadin farin cikin mutane. Ya kare ki daga sharrin hanya, da sharrin wuta, da sharrin gaggawa. Ya tsare miki mutuncinki a garin da ba ki da kowa, ya dawo mana da ke lafiya. In kin idar da salla ki sa kakanki a addu'a, ki kuma riƙa kiran Baba Gyang kina gaishe shi, yana tambayarki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haruna